Ko Wane Kogi Da Masakinsa

 Darasinmu na wannan mako a kan tafiyar ruwa ya ke, watau inda ya ke fitowa, da hanyar da ya ke bi, da inda ya ke ƙarewa. In damina ta yi nisa, mutum ya zauna a rumfar kasuwa, sai ya ji mutumin Ringim yana kukan ruwa ya cinye masa shinkafa, mutumin Gaidam kuwa yana cewa su har yanzu kogi bai kawo sosai ba. Mai sauraro sai ya zaci labari biyu ne. To, labari ɗaya ne, domin ruwan da ya ɓata wa na farko gona shi ne na biyun ke jira. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin.

Mene ne masakin kogi?

Ku dubi soron gidanku ran da a ke ruwa. In soron yana da indararo biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, to akwai wani ɗan tudu a tsakiyar rufin wanda ke raba ruwan. Ɗigon da ya sauka gabas da tudun nan sai ya bi indararon gabas, wanda ya sauka taki ɗaya yamma da shi kuwa sai ya bi na yamma. Ƙasa ma haka Allah ya yi ta. Ko wane kogi yana da iyakar ƙasar da ke zuba masa ruwa. Tuddai ne bakin wannan ƙasa, kogin kuwa shi ne gindinta, kamar dai masaki: duk abin da ka zuba a gefensa ta ciki, tsakiya za shi. Sabo da haka a cikin wannan darasi za mu riƙa kiranta masakin kogi.

Ruwa yana da sarauta irin ta mutane. Kwazarin da ke bayan gonarka mai unguwa ne, yana kai wa rafi abin da ya tara. Rafi dagaci ne, yana kai wa ƙaramin kogi. Ƙaramin kogi hakimi ne, yana kai wa babba. Babban kogi kuma ya kai teku ko tafki. Amma fa iyakar ruwa ba ruwanta da iyakar jiha ko ta ƙasa. Gangare kaɗai ta sani.

Ga misali. A kan tsaunukan Jos, ruwan hadari guda ya kan rabu uku. Wani ya shiga Kogin Kaduna, ya gangara Kwara. Wani ya shiga Gongola, ya sadu da Binuwai a Numan. Waɗannan biyu su kan gamu a Lakwaja, su tafi teku tare. Na uku kuwa sai ya bi Kogin Dilimi ya juya arewa maso gabas, ya zama Kogin Jama'are, ya nufi Tafkin Cadi, ba shi ba ganin teku har abada. Wannan na ukun za mu bi yau.

Ruwa nawa ke sauka a gonarka?

Kafin mu kama hanya, bari mu yi ɗan lissafi. In aka yi ruwa inci 1 a kan eka 1, ruwan da ya sauka ya ɗara lita 100,000, watau wajen duro 500 irin na man fetur mai cin lita 200. A ƙasar Kano a kan sami inci 30 ko fiye a shekara mai kyau. Ke nan ko wace eka tana karɓar duro 15,000 a damina guda, ba wanda ya ja guga, ba wanda ya biya ɗan garuwa.

To, ina ruwan nan ke tafiya? Hanyarsa huɗu ce. Wani ya gudana a bisa ƙasa ya shiga kwazari. Wani ya nutse ya tarad da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda mu ke samu a rijiya. Wani rana da iska su shanye shi. Wani kuma saiwar shuka ta zuƙe shi, ganye ya fitar da shi kamar gumi. Hanyoyi biyun nan na ƙarshe su ke kwashe mafi yawa. Abin da ke kai wa kogi kaɗan ne daga cikin abin da ya sauko. Wanda ya hau sama kuwa shi ke haɗuwa da tururin da iskar damina ke kawowa daga teku ta kudu maso yamma, ya zama girgije, ya sake saukowa. Haka ruwa ke kewayawa tun da aka yi duniya.

Daga Tamburawa zuwa Cadi

Kogin Kano da Kogin Calawa su kan haɗu a wajen Tamburawa, kudu da birnin Kano. Daga nan su zama kogi ɗaya, ya wuce Wudil, ya wuce Ringim, ya isa Haɗeja, inda ya samo sunansa. Can gaba, kafin Gashuwa, ya gamu da Kogin Jama'are. Daga nan sunansa Yobe, ko Komadugu Yobe. Ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar ta wajen Difa, ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Malam Fatori da Boso.

Ku lura da abu biyu a kan wannan hanya. Na farko, ruwan sama ba daidai ya ke ba. A Jos a kan sami fiye da inci 50 a shekara, a Nguru kuwa wajen inci 20 ko ƙasa da haka. Watau mutanen gangare da ruwan mutanen tudu su ke rayuwa.

Na biyu, ƙasar ma ta bambanta. Daga Wudil zuwa sama, dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, ga kuma gangare, sabo da haka ruwa ba ya daɗewa sai ya taru a kogi. Daga Wudil zuwa ƙasa kuwa rairayi ne da yumɓu masu zurfi, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. A sama kogi karɓa ya ke yi, a ƙasa kuwa bayarwa ya ke yi. Da ya wuce Haɗeja sai ya rarrabu hannu-hannu tsakanin tuddan rairayi: ga tsohon Kogin Haɗeja, ga Burum Gana, ga Marma wanda ke kai ruwa Tafkin Nguru. Tun kafin Haɗeja ma akwai hannun Kafin Hausa. In ruwa ya kawo sai ya fantsama cikin fadamu, ya yi ta tafiyar hawainiya. Shi ya sa ruwan da ya cika kogi a Wudil cikin watan Agusta ba ya isa Gaidam da Difa da ƙarfinsa sai damina ta ɗauke, wajen Oktoba ko Nuwamba.

Aikin da ambaliya ke yi

Mutum ya ji an ce ambaliya sai gabansa ya faɗi, don ta kan rushe gidaje ta cinye amfani, kamar yadda ta yi a ƙasar Jigawa a 2022. Amma cikowar kogi ta ko wace shekara, wadda kakanninmu suka san lokacinta, ita ce arzikin fadamar Haɗeja da Nguru. A shekarun 1960 ruwa ya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a wannan fadama.

Ga abin da ruwan nan ke yi. Manomi ya shuka shinkafa da ruwan sama, kogi ya zo ya ƙarasa renonta. In ruwa ya fara janyewa, ya bi danshin da wake da sauran amfani, ba jigo ba inji. Kifi ya bi ruwa cikin ciyawa ya yi ƙwai, tarwaɗa da karfasa su yi yawa, masunci ya samu, mai banda ya samu, ɗan kasuwar da ke lodin kifi zuwa Kudu ya samu. Da rani Bafillace ya sauko da shanunsa ya tarad da ɗanyar ciyawa. Lakar da ruwa ya ajiye ta zama taki. Goruba ta sha, masu saƙar kaba su sami abin yi.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. Ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku a fadama yana nutsewa a hankali, yana cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da bakin kogi. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gaskiya ne, amma na ƙasan ma daga sama ya zo. In aka daɗe ba a zuba masa ba, sai a ƙara wa guga igiya.

Hannun ɗan Adam

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, hukuma ta dage wajen tare ruwa. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano. Lokacin da aka gina ta, tana iya riƙe kusan kubik mita miliyan 2,000, watau wajen duro biliyan 10. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Calawa a ƙasar Ƙaraye. Kusa da Haɗeja kuma aka yi wani shinge mai ƙofofi don juya ruwa zuwa gonakin ƙasar Auyo.

Yadda ruwa ke tafiya a irin wannan shiri ba wuya a gane shi. Madatsa ta tare ruwan damina. A buɗe ƙofa, ruwa ya shiga babbar hanyar da aka gina masa, wadda manoma ke kira kanal. Daga babba ya shiga ƙanana, daga ƙanana ya shiga kunyoyin gona. A Kadawa da Kura da Bunkure gangare ne ke tura shi, ba inji ba. Abin da ya rage kuma ya bi magudana ya koma kogi.

Ba mai musun amfanin wannan aiki. Tumatir da albasa da alkama da shinkafar da ke fita daga ƙasar Kura da rani, da masu sussuka da masu awo da direbobin da ke ci daga gare su, duk albarkacin Tiga ne. Ruwan famfon birnin Kano ma daga kogunan nan biyu a ke ɗebo shi.

Amma ga abin da ya kamata ko wa ya riƙe: madatsa ba ta haifar ruwa ko ɗigo ɗaya. Abin da ta ke yi shi ne sauya masa lokaci da wuri, ta ɗauke na Agusta ta bayar a Maris, ta ɗauke na Nguru ta bayar a Kura. Tana kuma da nata ladan ajiya. A ƙasarmu rana ta kan sha wajen ƙafa 6 daga fuskar buɗaɗɗen ruwa a shekara, watau wajen duro 36,000 daga ko wace eka ta tafki. Yashin da ruwa ke kwasowa daga gonaki kuma yana taruwa a gindin madatsa, yana rage mata ciki shekara da shekara. In kuwa ruwa ya fi ƙarfinta, ɓarnar ta fi ta kogi sake. Mutanen Kano ba su manta da fashewar Bagauda a 1988 ba, mutanen Maiduguri kuma ba za su manta da Alau a watan Satumba na 2024 ba.

Labarin kacala

Yanzu ku ji abin da ya faru a gangare. Da aka tare ruwa a sama, ga kuma ƙarancin damina a shekarun 1980, sai cikowar kogi ta ragu, har a shekaru da yawa fadamar da ruwa ke rufewa ba ta kai rabin ta da ba. Wannan an zaci zai faru. Abin da ba a zata ba shi ne ɓarnar da ruwan rani zai yi.

A da, in rani ya yi, Kogin Haɗeja ya kan ƙafe, ya bar yashi fari fat, har a tona a ɗebi ruwa. Duk ciyawar ruwan da ta tsiro da damina sai ta bushe. In damina ta dawo, ruwa mai ƙarfi ya zo ya share hanya. Da aka fara sako ruwa daga madatsu rani da damina, sai kogi ya daina bushewa, ruwa mai ƙarfin nan kuma ya ragu. Wannan shi ne abin da kacala ke so: ruwa marar zurfi wanda ba ya yankewa. Sai ta kafu, ta fi mutum tsawo, ta yi duhu. Ruwa ya zo ya tarad da ita, ya rage gudu, ya ajiye laka a gindinta. Laka ta taru, hanya ta toshe.

A shekarun 1990 da 2000 hannun Burum Gana da tsohon Kogin Haɗeja suka cushe, ruwa ya koma bin Marma zuwa Nguru. Sai ga abin mamaki: a wannan gefe gonaki da makiyaya sun nutse ba sa fitowa, a wancan gefe kuwa fadamu sun bushe. Jirgin masunci ya kasa ratsawa. Jan baki ya sami maɓoya cikin kacala, yana fitowa yana cin gero da shinkafa. Ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa ya zama ɗan kaɗan, Kogin Yobe ya dogara ga Jama'are, wanda ba a datse babban jikinsa ba. Wannan ne ya sa duk lokacin da aka ta da maganar ƙarasa madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are, mutanen Yobe da Barno ba sa barci.

A farkon shekarun 1990 masana suka auna abin da a ke samu daga ruwa a wurare biyun nan. Suka tarar in aka haɗa noma da su da itacen wuta, awon ruwa ɗaya ya fi kawo amfani a fadamar Haɗeja da Nguru bisa ga gonakin kanal. Ba cewa mu ke a rushe madatsu ba. Abin nufi shi ne ruwan da ya wuce ƙofar gonarka ba asara ya tafi ba, abincin wani ne. A 2006 gwamnonin jihohi shida, watau Filato, Bauci, Kano, Jigawa, Yobe da Barno, suka taru a Damaturu suka amince da shiri ɗaya na kula da wannan masaki, suka kuma kafa asusu dominsa. Ashe ruwa ya tilasta wa masu iyaka zama a tabarma ɗaya.

Tafkin da ba shi da mafita

Ƙarshen tafiya Tafkin Cadi. Ba kogin da ke fita daga cikinsa zuwa teku. Faranti ne, ba rijiya ba, ga faɗi ba zurfi, sabo da haka in ruwa ya ragu kaɗan sai bakinsa ya ja da baya mil da yawa. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. Daga baya ya ɗan farfaɗo, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina.

Kada mu ɗora wa Tiga laifin wannan. Abin da Yobe ke kai wa tafkin kaɗan ne ƙwarai. Wajen kashi 9 cikin 10 na ruwan kogin da ke shigarsa daga Shari da Logon ya ke, waɗanda ke tasowa daga Afirka ta Tsakiya da tuddan Kamaru. Mutanen Marte sun ga misali. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe babban shirin noman rani a can, aka haƙa hanya don jawo ruwan tafki. Ba a daɗe ba tafkin ya janye ya bar hanyar a busasshiyar ƙasa, don ruwan sama ya gaza a ƙasar da manomin Marte bai taɓa gani ba. Sanin cewa masakin nan ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya ya sa Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Cadi tun 1964.

Wani zai tambaya, tafkin da rana ke sha kullum, ba mafita, me ya hana shi yin gishiri? Dalili ɗaya shi ne wani sashen ruwan yana zurarewa ta ƙarƙashin ƙasa da gishirinsa. Kanwar da fatake ke kawowa daga ƙasar Kanem, arewa maso gabas da tafkin, tana da nasaba da wannan.

Abin da ke hannun manomi

Kai da ke da eka biyu, kada ka ce wannan maganar manya ce. Gonarka ma ƙaramin masaki ce, daga irinta kogi ke farawa.

Na ɗaya, ka tsai da ruwa inda ya sauka. Ka yi huɗa a gicciye da gangare, kada ka bi shi. Inda ruwa ke gudu ka jera duwatsu, ko ka dasa jema ko gamba a layi. Manoman ƙasar Tawa a Nijar sun raya ƙeƙasassun fako da 'yan ramukan da su ke kira tassa, suna zuba taki a ciki, ruwa ya kwanta nan. Ruwan da ya nutse a gonarka zai fito a rijiyarku, wanda ya gudu kuwa da ƙasarka ya tafi, ya je ya cike madatsa.

Na biyu, kada ka yi noma har leɓen kogi, kada kuma ka sare itatuwan gaɓa. Saiwarsu ce ke riƙe da gaɓar.

Na uku, in kana bakin kanal ko kana da injin ban ruwa, ka ba shuka abin da ta ke bukata ka rufe. Ruwa fiye da kima yana wanke takin da ka saya da kuɗinka, yana ruɓar da saiwa, in ya daɗe kuma ya jawo kanwa saman ƙasa. Ka tuna akwai mai gona a wutsiyar kanal yana jira.

Na huɗu, ku yi gayya ku share magudanai tun kacala tana ƙarama. In an yanke ta ƙasa da fuskar ruwa ta fi saurin mutuwa.

Na biyar, ka auna ruwanka. Ka sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka kafa shi a fili nesa da itace da rufi. Bayan ko wane ruwa ka tsoma ruwla ka rubuta. In ba ka rubutu, ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka. Ko wane inci duro 500 ne a eka. In kaka ta yi ka haɗa jimla, sa'an nan ka tambayi kanka nawa ya zauna a gonarka, nawa ya tsere.

Malamai sun sanad da mu haƙƙin maƙwabci. A sha'anin ruwa, maƙwabcinka shi ne duk wanda ke gangare da kai, ko da tafiyar wata guda ce tsakaninku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da ɓarnar ruwa da ta fari, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.